Ranar da Na Tare wa Dada Ƙofa

Ku 'ya'yana, akwai magana biyu da kuka taso kuna ji a gidan nan, kuma duka biyun suna bukatar gyara. Ta farko, wai kindirmon kakarku Dada ne ya raya Kulu lokacin da aka haife ta bakwaini. Ta biyu, wai ni ubanku na taɓa daka wa Dada tsawa a gaban jama'a a lopital, wato asibiti, har mayafinta ya faɗi ƙasa. Mayafi bai faɗi ba, tsawa kuma ban yi ba. Ƙofa dai na tare. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu da furfura a gemuna, a ajin manya na zauren Malam Buba, bari in ajiye muku yadda abin ya faru. In na bar labarin a bakin gwaggonku Ladi, nan gaba kaɗan za ku ji an ce duka na yi.

Ku fara sanin matsayina a wurin Dada. Ni Bahaushe ne, ɗan mahauta. Kakanmu ya biyo fatake daga ƙasar Kano ya zauna a Garwa, kilishi da tsire su ne gadonmu. Dada Bafulatana ce ta wajen Ngong, mai tallan nono, wadda ta san kowace saniyar gidansu da sunanta da sunan uwarta. A idonta mu ne mutanen da ke jiran shanu a ƙarshen hanya da wuƙa a hannu. Da na nemi auren uwarku danginta suka ƙi. Abin da ya cece ni shi ne wata rana na hango Dada tafe a cikin babbar kasuwa da ƙwarya a kanta, sai na bar teburina da nama a kai na faɗa rumfar mai gawayi, ban fito ba sai da ta wuce. Na fito baƙi ƙirin, na tarar kare ya yi gaba da rabin hanta. Ashe ta gani. Ta koma gida ta ce, mahauci ne, amma yana da semteende, wato kunya. Da wannan kunyar aka ba ni aure, da ita kuma na zauna shekaru fiye da goma. Ban taɓa kallon fuskar Dada ba, ban ci ban sha a gabanta ba, sunanta bai taɓa hawa harshena ba. In ta zo gidanmu tana zaune a tabarma a tsakar gida, ni ina tsugune bayan zana ba takalmi, yayata Ladi a tsakiya tana kai magana tana kawowa, alhali kowa yana jin numfashin kowa. In Ladi ta fita unguwa, Dada ta gaya wa bango, ni in ba randa amsa. Haka muka yi zamanmu lafiya, ko sau ɗaya ba mu saɓa ba.

An haifi Kulu a tsakiyar bazara, irin zafin Garwa da kwalta ke riƙe wa mutum takalmi. Uwarku tana shara da hantsi naƙuda ta zo mata, ciki bai cika wata bakwai sosai ba. Hannuna ya saba da awon nama, ba na bukatar sikeli. Da aka nuna mini yarinyar na san budurwar kaza da aka fige ta fi ta nauyi. Fatarta ja, jijiyoyi a fili, kukanta kamar na ɗan kyanwa a cikin rijiya. Nan da nan ma'aikatan lopital suka sa ta a akwatin gilas mai ɗumi da suke kira kuvez. Ladi ta leƙa ta taga, ta share gumi, ta ce:

"Ɗumama ta za su yi? A Garwa? A wannan watan? Su fito da ita baranda mana!"

Babbar nas ta ɗakin jariran wata 'yar ƙabilar Mundang ce, Madam Polin, doguwa mai faɗin kafaɗa, Fulatanci a bakinta ya fi na Fulani gudu, tana yi tana yayyafa masa Faransanci. Kwana biyu da haihuwa ta kira ni bakin ƙofa.

"Papa, an ce kai mahauci ne. Ka taɓa yanka tunkiya ka tarar da ɗa a cikinta?"

"Yakan faru, Madam."

"Ka duba hanjinsa?"

Na duba kuwa. Kamar jiƙaƙƙen zare yake, in ka ja shi da yatsa biyu sai ya rabu ba tare da ka ji ba. Ta ce to irinsa ne a cikin 'yata. Ta ce akwai ciwon da ke kama hanjin bakwaini, ta faɗi sunansa da Faransanci, suna mai tsawo wanda kaina bai riƙe ba. Ciki ya kumbura, hanji ya ruɓe daga ciki, kafin a ankara yaro ya tafi. Abin da suke tare shi da shi biyu ne. Na farko nonon uwa zalla, a tatsa a kofi a zuba ta siririn tiyo da ke hancinta, ba ruwa, ba zuma, ba dabino, ba komai. Na biyu wani ɗigo ne daga 'yar kwalba, wanda likita ya rubuta a ba ta kullum. Ta ce a cikin ɗigon akwai halittu masu rai, ƙanana, ido ba ya ganinsu, na kirki, ana so su riga miyagun shiga hanjin su kama wuri.

"Ƙwari za ku zuba mata a ciki?" in ji ni.

"Kai Papa! Matarka ba Bafulatana ba ce? Yaya ake kindirmo? Ba ragowar nonon jiya ake zubawa a madara ba, ta kwana, ta kama, ba ta ruɓe ba? To wannan iri ne, irin hanji. Ba ya hana ciwon gaba ɗaya, rage shi yake. Saura na Allah ne da na sabulu."

Bayanin ya shige ni sosai, har na riƙa maimaita shi a kan moto, wato babur, don kada ya zube a hanya. Na iso gida na tarar Dada ta zo daga Ngong da ƙoranta da 'yar jakarta. Na tuɓe takalmi, na tsuguna bayan zana, aka yi gaisuwa ta bakin Ladi, sannan na zazzage bayanin Madam kaf, da tunkiyar da irin da komai, ina jin kaina kamar likita. Can Dada ta gyara zama.

"A tambayi mai gida, irin nasu na saniyar wa ne?"

"A ce mata ban sani ba. Daga Turai aka ce."

"A tambaye shi, ya san uwar saniyar?"

"A ce mata ban samu na tambaya ba."

"To a gaya masa jikata ba marainiya ba ce da za a zuba mata irin aro."

Ku sani, irin nonon Dada ba abin wasa ba ne a danginsu. Daga ƙwaryar kakarta ya fito, tun suna duwatsun Poli. Kullum ana ɗiba daga na jiya a zuba a na yau, bai taɓa yankewa ba, ko a shekarun da shanu suka yi ta mutuwa sai da aka nemo madarar da za a riƙe shi. Duk 'yar da aka kai ɗakin miji da shi ake raka ta. Ga shi yau likitocin birni da kansu sun yarda iri ke gyara cikin yaro, sannan a ce a tsallake nata a ɗauko na wata saniya da ba a san asalinta ba. Washegari da sassafe Ladi ta miƙo mini wata 'yar kwalbar turare da aka wanke tas, cike da kindirmo, an naɗe ta a ƙyalle.

Ban ɓoye ba, kai tsaye wurin Madam na kai. Ta buɗe, ta sansana, ta lumshe ido.

"Wannan kosam ne na gaske. Da fura a kusa da na sha. Tsohuwar ta gane maganar, amma a ƙwaryarta na kirki da miyagu tare suke kwana. Cikinka zai iya raba su, na yarinyar ba zai iya ba. Namu an tace shi, iri ɗaya ne tak, an san shi. Madarar shanu ma kanta ta fi ƙarfin hanjin nan yanzu. Ɗigo ɗaya, Papa, in na gani, kai da kwalbar ta taga za ku fita."

Na koma gida na ja Ladi gefe na gaya mata duka, na ce ta isar. Muka ɗauki wurarenmu. Ladi ta yi gyaran murya ta ce:

"Dada, likita ta sansana, ta ce tunda take ba ta taɓa jin kosam irin wannan ba."

Na jira saura, saura bai zo ba. Na yi tari. Na sake tari. Dada ta gaya wa bango a ba mai gida kanwa ya jiƙa, sanyi na neman kama shi. Da na tare Ladi a zaure ta ce ita ba za ta dubi Bafulatana ta ce mata nononta zai kashe jikarta ba, in ina da baki in faɗa da kaina. Ta san ba ni da shi. Na kai ƙara wurin uwarku, wadda ke kwana a ɗakin masu jego na lopital tana tatsa a kofi. Ta ce:

"Malam, ni ce zan gaya wa Dada irin kakarta bai yi ba? Ka fi ni sanin abin da ba zai yiwu ba."

To kun ga inda na tsaya. Ba zan ƙi karɓa ba, ba zan kai wa yarinya ba, ba zan mayar da kwalba cike ba. Na zaga bayan tankin ruwan lopital da niyyar in tuttular. Na buɗe murfi, hannuna ya ƙi. Abu ne da tsohuwa ta tashi da asuba ta yi wa addu'a ta tofa, kuma a gidan su uwarku ko ɗigon nono ne ya zuba ƙasa sai an dangwala an shafa a goshi. Sai na yi bisimilla na shanye. Da yamma na miƙa wa Ladi kwalba ba komai, Ladi ta miƙa wa Dada, Dada ta ɗaga ta a hasken rana ta gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne Kulu za ta riƙa ƙaruwa. Duk ranar da na kawo labarin an ɗora ta a sikeli ta ɗan motsa, sai Dada ta gaya wa bango ai dama, washegari kwalba ta girma. Daga ta turare muka koma ta maganin tari, daga nan ta mayonez, har muka kai ga gorar ruwa. Ni kuwa tun ina yaro cikina ba ya shiri da nono. Ga zafi, ga girgizar moto daga unguwarmu zuwa lopital, kafin in isa murfin gorar yana huci kamar kububuwa. In shanye bayan tanki, in goge gemu, in shiga in gaida Madam da ladabi. Kafin azahar cikina ya fara nasa bayanin. Wata rana a masallaci, ana sallamewa, dattijon da ke kusa da ni ya leƙa waje ya ce alhamdu lillahi, da alama damina za ta sauka da wuri bana, ya ji rugugi daga gabas. Ni ne a gabas da shi.

Uwarku ta dube ni wata safiya, kofi a hannunta, ta ce:

"Malam, mu muke jego, kai kake ƙiba."

"Ba ƙiba ba ce, iska ce."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe cikinta. Ita ce dariyarta ta farko tun haihuwar, don haka ban ji haushi ba. Na ƙudura a raina zan yi ta sha har ranar da za a sallame su. Haƙuri dai ba baƙona ba ne, mai shanya kilishi ya saba jira.

Sai dai akwai wani yaro a kuvez ɗin da ke kusa da na Kulu, ɗan wata baiwar Allah 'yar Domayo ta Marwa da aure ya kawo ta Garwa. Ya girmi Kulu da kwanaki, ya ma fi ta kumari. Uwarsa ba abin da ba ta yi daidai ba. Wata rana na leƙa na ga cikinsa ya tashi yana ƙyalli, an cire masa nono, an sa masa ruwa a hannu. Bayan kwana biyu na zo na tarar an wanke akwatin, an bar shi a buɗe yana shan iska. Ban tambaya ba. A satin nan kuma cikin Kulu ya ɗan tasa, Madam ta ce a dakatar da nono a gani. Ranar na sha gorar ban ji ɗanɗanonta ba. Na koma gida, ko ta bayan zana Dada ta gane daga yadda na ajiye takalmi. Sai ta gaya wa bango cewa nono ba ya son ƙarnin jini, iri kuma in ya bi ta hannun da ke yanka, kafin ya isa ya mutu. Na ji, na haɗiye.

Allah ya taimaka cikin Kulu ya sauka, aka mayar mata da nono da ɗigonta kaɗan kaɗan. Madam ta fara fito da ita daga akwati tana ɗora ta a ƙirjin uwarku, fata da fata, a wani ɗan ɗaki na gefe, ta ce yanzu kaka ma za ta iya shigowa ta gani in ta wanke hannu. Wannan maganar Ladi ta isar da ita cikakkiya, ba ta rage ko harafi ba. Washegari na fito na tsaya a zaure ina jiran gora, ba a miƙo ba. Na hau moto ciki wasai kamar ranar Salla. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Da hantsi ina zaune a benci a barandar ɗakin jarirai, mata masu jinya sun cika wurin da fulas da kwanuka. An kira Madam ɗakin haihuwa, ƙaramar nas tana can ciki wurin akwatuna. Sai na hango zanen da na sani yana tahowa daga bakin get. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, na tsinci kaina a bayan ginshiƙi da takalmi a hannu. Daga nan na ga Dada, hannunta ɗaya yana cikin mayafi, mayafin ya yi tudu daidai girman kwalbar turare, ga kuma bakin ƙaramin cokali ya leƙo. Uwarku tana ɗakin gefe ita kaɗai da Kulu a ƙirji. Na san ta. Za ta yi kuka, za ta ce Dada don Allah, amma ba za ta riƙe hannun uwarta ba. Ladi tana gida. Na duba hagu na duba dama, ba wanda zan aika.

Na ruga na riga Dada isa ƙofar, na tsuguna a tsakiya, na ba ta baya, fuskata na kallon katako. Na ji takunta ya tsaya. Na gaya wa ƙofa:

"A gaya wa masu shigowa an hana shiga da komai."

Ta gaya wa bango:

"A gaya wa masu zama a hanya su matsa."

"A ce likita ce ta hana."

"A ce likita ba ta haifi wadda ke ciki ba."

Ta zaga ta dama, na ja jiki dama a tsugune kamar agwagwa. Ta koma hagu, na koma hagu. Matan baranda suka bar abin da suke yi. Wata mai goyo ta matso ta ce, Baba, yare ne ba ku ji na juna ba, in fassara muku? Ba wanda ya kula ta. Na sake gaya wa ƙofa cewa hanjin yarinya bai yi ƙwari ba. Dada ta gaya wa bango cewa ta raini 'ya'ya da jikoki tun wasu suna wasa da ƙahon shanu a mayanka. Sannan na ji ta tattare zane, na ga inuwar ƙafarta ta ɗago za ta tsallake ni.

Sai na miƙe. Na juyo. Na buɗe hannuwana na dafe gefen ƙofa biyu, na dube ta a fuska na ce:

"Dada, ba za ki ba ta ba."

Wannan ita ce tsawar da kuke ji. Muryar da ta fito siririya ce, kamar ta zakaran da mura ta kama. Wanda ke ƙarshen baranda ma bai ji ba.

Ashe Dada gajeriya ce. Duk shekarun nan daga tsugune nake hango ƙafafunta, na ɗauka ta kai ƙofa tsawo, ashe iyakarta ƙirjina. Leɓenta na ƙasa baƙi da zanen Fulani, idanunta irin na uwarku sak, kuma sun yi ja sun kumbura. A nan na gane ita ma kwanakin nan ba barci take ba. Tsoron da ya sa ni tsayawa a ƙofar shi ne ya taso ta daga gida. Tunda na riga na fara, sai na ci gaba. Na gaya mata zancen ɗan tunkiya da hanjinsa, abin da hannuna ya taɓa. Na gaya mata zancen yaron 'yar Domayo da akwatin da aka bari a buɗe. Na ce irinta ba shi da laifi, lokacinsa ne bai yi ba. Sannan na ce Kulu ba ta taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba, duk wanda ta aiko ni na sha.

"Kai?"

Kalmar farko ke nan da ta taɓa gaya mini kai tsaye a duniya.

"Ni, Dada."

"Har na gorar?"

"Har shi."

Ta sauke ido ta dubi cikina. Shi kuma, ko da yake ranar bai sha komai ba, ya zaɓi wannan lokacin ya amsa da kansa, dogon amsawa mai hawa da sauka. Matan baranda suka kwashe da dariya, wata har da faɗuwa a kan tabarma. Dada ba ta yi dariya ba. Ta zaro kwalbar daga mayafi ta miƙo mini.

"Sha."

"A gabanki?"

"Me ya rage?"

Na sha a tsaye, a gaban surukata, mata suna kallo. Ta karɓi kwalbar ta duba, ta miƙo mini cokalin ma na riƙe. Daidai nan Madam ta dawo, ta dube ni, ta dubi farin da ke gemuna, ta dubi tsohuwa, sai ta nuna mata famfo da sabulu. Dada ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga. Ta ƙofa na ga ta tsaya a kan uwarku ta daɗe tana kallon Kulu. Ta ɗora yatsa ɗaya a tafin ƙafarta, bakinta yana motsi. Da ta fito ba ta dubi inda nake ba. Kafin in koma gida da yamma ta kwashe ƙoranta ta hau motar Ngong, ba ta bar sallahu ga kowa ba, ko ga bango.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a dariya. Labari ya riga ta isa Ngong, kuma a hanya ya yi ƙiba. Aka ce mahaucin ya nuna halinsu. Kawun uwarku ya zo har lopital ya tambaye ta ko tana so ta koma gida in an sallame ta. Da na je ta'aziyya garinsu bayan wata biyu, mutanen da suka saba shimfiɗa mini buzu suka bar ni na nemi wuri da kaina. Ba ni da shanu, ba ni da asali a wurinsu, abu ɗaya nake da shi, kunya, ita ce kuma na ajiye a bakin ƙofar nan. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ruwan farko yana sauka aka sallami Kulu, na ɗauko ta a hannuna na ji ta kai nauyin cinyar rago. Ban ce ɗigon ne kaɗai ya yi ba, ban ce ni ne ba. Madam ta ce nonon uwa ne gaba, ɗigo ya taimaka, Allah ya tsare. Abin da na sani shi ne ba abin da ya shiga cikin nan sai abin da aka ce ya shiga.

Dada ba ta sake taka gidanmu ba sai da Kulu ta fara dafa bango tana miƙewa. Wata ranar Lahadi bayan azahar ina tsakar gida ina daka yajin kilishi sai na ji sallamarta a zaure. Na yar da taɓarya, na suri takalmi, na nufi bayan zana.

"Kai, Tanimu."

Na tsaya cak. Ban ma san ta san sunana ba.

"Ina za ka? Abin da za ka gani ka riga ka gani. Zo ka zauna nan."

Na zauna a bakin tabarma. Ta fara daga ragon da na kai ranar ɗaurin aure, ta ce ƙashi ne da fata, ni da nake mahauci. Ta ce hular da nake sawa in na je gaishe su ta yi mini kaɗan. Ta ce tarin da nake yi a bayan zana yana tayar mata da hankali, in zan yi magana in yi, in zan yi tari in nemi magani. Ta ce gishiri ya yi yawa a kilishina, ɗakin da ake sauke ta yana yoyo ta kusurwar gabas tun zuwanta na fari, kuma ba ta ga dalilin da zai sa namiji ya bar yayarsa tana yanke masa magana rabi ba. Ladi ta tashi ta shige ɗaki. Uwarku tana madafa, ina jin tana toshe baki da zane. Aka kira la'asar Dada ba ta kai shekara ta uku da aurenmu ba a lissafin laifuffukana.

Sai Kulu ta rarrafo ta dafa gwiwarta. Dada ta ɗaga ta, ta juya ta, ta danna cikinta da yatsa kamar mai duba ɗan maraƙi a kasuwa. Kulu ta kama mata ɗan kunne tana ja.

"Cikin nan lafiyayye ne," in ji Dada. "Da na ba ta ranar nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka kyauta. Amma kunya kam babu. Tashi ka yi salla ka dawo, ban gama ba."

Ku dubi tsawon Kulu yau, ku ne shaidu. Har yanzu Dada ba ta gama ba.